Kyanwar maƙwabciyata ta mutu da maganin da aka saya a kantina: ta ina zan fara horar da yarana?

Maman Fa'iza, Aboabo, Kumasi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana biyar ke nan abin nan yana cina a rai, na ga gara in kawo shi nan inda akwai waɗanda suka girme ni a sana'a.

Ina da kantin magani a Aboabo, bana shekara 9. Ni ce mai haɗa magunguna, sunana ne a jikin lasisi, amma ba kullum nake tsaye a kanta ba. Yara uku ke taimaka mini, mata biyu da namiji ɗaya, dukkansu sun yi kwas ɗin masu taimakawa a kanta, kuma ban taɓa kama ɗayansu da sakaci ba.

Ranar Talata na tafi Adum karɓo kaya. A bayana wata Hajiya da ke layinmu ta aiko jikarta. Hajiyan nan tsohuwa ce, maigidanta ya rasu, 'ya'yanta duk sun watse neman abinci, abokiyar hirarta a ɗaki wata farar kyanwa ce da ta raina tun tana 'yar mitsitsiya. Jikar ta ce kyanwar ta ƙi cin abinci kuma jikinta da zafi. Yarinyata ta ɗauko paracetamol na ruwa, irin na jarirai, mai miligiram 120 a kowane mil 5, ta ce a ba ta ƙaramin cokali ɗaya da rana, ɗaya da dare. A tunaninta abin da jariri ke sha lafiya ba zai cuci kyanwa ba. Kashegari da asuba fuskar kyanwar ta kumbura, dasashinta ya rine ya koma ruwan ƙasa, numfashi sama-sama. Kafin su samo mota zuwa asibitin dabbobi na Amakom ta cika.

Hajiya ba ta yi faɗa ba. Ta zo da kanta da sauran kwalbar a hannu, ta ajiye a kan kanta, ta ce, "Ɗiyata, ki duba mini ko ni ce na yi kuskure wajen awo." Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ni na san paracetamol guba ne ga kyanwa. An taɓa mana shi a makaranta a gurguje. Amma ban taɓa zaunar da yaran nan na faɗa musu ba, domin ban taɓa ɗaukar dabba a matsayin wadda kantina ke yi wa hidima ba. Alhali da na zauna na tuna, mako ba ya wucewa ba a zo da maganar dabba ba: mai tantabaru, mai zomaye, mai ragon layya, ga kuma masu karnukan waje daga wajajen Ahodwo da Nhyiaeso da ke zuwa da takardar likitan dabbobi idan ba su sami maganin a can ba.

To ga tambayoyina. Me ya kamata in fara koya musu? Shin in riƙa ajiye magungunan dabbobi ne ko in nisance su? Kuma idan takardar likitan dabbobi ta zo da adadin da ya yi mini yawa a ido, me zan yi? Akwai wadda na taɓa mayarwa bara saboda haka, har yau ban san ko na yi daidai ba.

Baba mai kemis, Nima

Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya ba Hajiya haƙuri, ke kuma ya saka miki da kika fito kika faɗa ba ki rufe ba.

Ni na fi shekara 30 ina sayar da magani a nan Ankara, wato Accra, tun ana kiranmu masu lasisin kemikal. Shawarata gajeriya ce: kowa da kiwon da ya karɓe shi. Da mutum ya ambaci dabba a shagona, nakan ce masa ya je unguwar La, akwai asibitin dabbobi a can. Yarana ma haka na koya musu, ba ƙari ba ragi.

Kuma ki kula da wani abu. Tun lokacin da tramadol ya addabi samarinmu, wajen 2017 zuwa 2018, na fara jin sabuwar waƙa: "Baba, karena ne ya karye." Yaron da ko akuya ba a taɓa gani a gidansu ba. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana, wato FDA, mai miligiram 50 da mai 100 kawai ta yarda da su, su ma sai da takardar likita, mu masu ƙananan shaguna kuwa ba hurumin mu ba ne sam. Idan kika buɗe ƙofar dabbobi, ki sani har da irin waɗannan za su bi ta ciki.

Likitan dabbobi, Madina, Accra

Malama, sannu da wannan abu. Baba, a gafarce ni, rabin maganarka na ɗauka, rabi zan ɗan yi gyara. Gaskiya ne yaron kanta bai kamata ya zaɓa wa dabba magani da kansa ba. Amma idan "je ka La" ko "je ka Amakom" kawai aka ce wa mutum, yawanci ba ya zuwa. Gida yake komawa ya buɗe jakar maganinsa ya ɓallo abin da ya samu. Yawancin kyanwoyin da aka kawo mini da gubar paracetamol ba a kemis aka sayi maganin dominsu ba, a ɗaki aka ɗauko. Don haka yaron kanta ya san abin da zai hana, ya kuma faɗi dalili da bakinsa.

Bari in fara da abin da ya sami kyanwar Hajiya, domin ki iya yi wa yaranki bayani su gane, ba haddace kawai ba. Hantar mutum tana da hanyar da take ɗaure paracetamol ta fitar da shi ta fitsari. Hantar kyanwa kusan ba ta da wannan hanyar. Sai maganin ya bi wata hanya ya zama guba, ya lalata jajayen ƙwayoyin jini har su kasa ɗaukar iska. Shi ya sa dasashi ke rinewa, fuska da tafin ƙafa su kumbura, dabbar tana haki alhali huhunta lafiya lau. Ki yi lissafi da su a takarda: kyanwa mai kilo 3, cokali biyu miligiram 240 ke nan, wato 80 a kowane kilo. Miligiram 10 a kilo ma yana iya yi mata illa. Ƙwaya ɗaya ta manya mai 500 ta isa ta kashe ta. Akwai makari, sunansa acetylcysteine, amma sai an kawo ta cikin 'yan sa'o'i.

Wani abin da ke rudar mutane shi ne zafin jiki. Zafin jikin kyanwa da kare mai lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39, namu kuwa wajen 37. Kowace kyanwa ka taɓa za ka ji ta da ɗumi. Mai yiwuwa ma ta Hajiya ba zazzaɓi take yi ba tun farko.

Bayan paracetamol, sai 'yan uwansa masu kashe ciwo: ibuprofen, diclofenac, naproxen. Ga kare da kyanwa suna ƙwaƙule ciki su kashe ƙoda. Kare zai fara amai, kashinsa ya yi baƙi kamar kwalta. Diclofenac ɗin nan shi ne ya kusa ƙarar da ungulayen Indiya a shekarun 1990, ta hanyar cin mushen shanun da aka yi wa allurarsa, har gwamnatinsu ta haramta amfani da shi ga dabbobi a 2006. Ina ba yara wannan labarin domin ya fi zama a kai.

Sai maganin kaska da ƙuma. Wanda aka yi wa kare, idan akwai permethrin a ciki, ɗigo kaɗan a bayan kyanwa sai ta kama karkarwa da jijjiga. Har kyanwar da ta kwanta kusa da karen da aka shafa wa tana iya kamuwa. Amitraz da ake wanke shanu da shi ba na kyanwa ba ne, ba na doki ba ne, kuma yara ƙanana na shan sa bisa kuskure idan aka zuba shi a kwalbar lemo. Fipronil yana da kyau ga kare da kyanwa amma yana kashe zomo.

Ivermectin kuwa, a zangonninmu shi ne babban abin da nake gani. Allurar shanu ce, miligiram 10 a kowane mil, kuma mil 1 na dabba mai kilo 50 ne. Sai mutum ya zuƙi mil 1 ya yi wa kwikwiyo mai kilo 2 saboda ƙazuwa. Ninki 25 ke nan. Kwikwiyo ya makance, ya yi ta tangaɗi, wani ya suma bai farfaɗo ba. Akwai kuma jinsin karnukan waje, irin su koli, da ko adadin da sauran karnuka ke ɗauka lafiya su yana taɓa musu ƙwaƙwalwa. Kunkuru ma, masu ajiye shi a gida, ivermectin ajalinsa ne.

Ƙarami ɗaya da masu kantin magani ne suka fi kowa iya kamawa: maganin ruwa da aka rubuta ba sukari a ciki. Wasu da xylitol ake zaƙaƙa su. Mu ba ya mana komai, kare kuwa sukarin jininsa ke faɗuwa warwas, hanta ta biyo baya. Idan likita ya rubuta ƙwaya, kada a musanya da na ruwa don a sauƙaƙa wa mai kare sai an karanta abin da ke ciki.

Yanzu tambayarki ta uku, wadda ta fi damuna a aikina. Adadin da ya yi miki yawa a ido sau da yawa daidai ne. Ɗauki levothyroxine, maganin ƙarancin aikin thyroid, wato ƙullutun wuya da ke kumbura ya zama maƙoƙo. Mutum yana shan wajen maikirogiram 1.6 a kowane kilo, kare kuwa wajen 20. Kare mai kilo 25 zai sha 500, alhali mutum mai kilo 60 wajen 100 yake sha. Duk mai haɗa magani da ya ga haka gabansa zai faɗi, kuma ya kamata ya faɗi. Abin da bai kamata ba shi ne ya rage adadin shiru, ko ya ce wa mai kare likitanka ya yi kuskure. Ki kira mu. Lambar waya tana kan takarda, in babu to takardar ma ba cikakkiya ba ce. Ni ban taɓa jin haushin wanda ya kira ni ya tambaya ba, wata rana ma kiran ne ya nuna mini na manta ban rubuta nauyin dabbar ba.

Ki kuma koya musu haruffan nan uku: SID. Mu likitocin dabbobi haka muke rubuta sau ɗaya a rana, inda ku kuka saba da od. Idan rubutun hannu ya yi muni, sai a karanta shi bid (sau biyu a rana) ko qid (sau huɗu a rana), a ba dabba ninki biyu ko huɗu. Haka insulin: na dabbobi yawanci awo 40 ne a mil, na mutane 100, kuma kowanne da sirinjinsa. A zuƙi na mutane da sirinjin na dabbobi, an ba da ninki biyu da rabi.

Idan kuma an riga an ba da guba aka rugo kantinki, roƙona ɗaya: kada a ɗura wa dabbar manja ko ruwan gishiri. Na san al'adarmu ce. Manja kan sarƙe ta ya shiga huhu, gishiri kuma guba ce ta biyu. A ɗauki dabbar da kwalbar ko kwalin abin da ta sha a nufi asibiti. Ke a Kumasi kina da Amakom, ga kuma makarantar likitocin dabbobi ta jami'ar KNUST. Ki je da kanki ki gaisa da su, ki karɓi lambar mutum ɗaya ko biyu da za su ɗaga waya ko da dare ne.

Mai zomaye, Sawaba

Salamu alaikum. Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, tela ne, ina kiwon zomaye a bayan gida. Na shigo ne domin Dakta ya ambaci zomo.

Shekara biyu da suka wuce zomayena suka kama atishawa da majina. Na je wani kantin magani, ba zan faɗi ko ina ba, na yi bayani tsakani da Allah cewa zomaye ne. Yaron ya ba ni amoxicillin na garin da ake kaɗa wa yara, ya ce in zuba a ruwan shansu. Kwana uku majina ta ragu, na yi murna. A na huɗu zawo ya ɓarke. Uwaye 7 na rasa cikin mako guda, biyu da ciki. Daga baya wani ma'aikacin dabbobi da ya yi karatu a makarantar lafiyar dabbobi ta Pong-Tamale ya bayyana mini cewa cikin zomo da ƙwayoyin halitta masu amfani yake narka ciyawa, amoxicillin ta baki kuma kashe su yake yi, sai miyagun su yi yawa su saki guba. Ya ce clindamycin da lincomycin ma haka suke.

Abin da ya fi ƙona mini rai, yaron nan bai yi shakka ko kaɗan ba. Da ya ce "ban sani ba" da na nemi wani. Hajiya Maman Fa'iza, idan za ki koya wa yaranki abu ɗaya, ki koya musu cewa faɗin "ban sani ba, bari in tambaya" ba abin kunya ba ne a gaban mai saye.

Dakta, ka kuma yi musu maganar ragunan layya. Ana saura kwana uku salla mutum zai danƙara wa rago allurar oxytetracycline don ya ga ya yi lamo, a yanka a raba wa unguwa.

Likitan dabbobi, Madina, Accra

Malam, Allah ya mayar da alheri. Maganar rago gaskiya ce. Kowane maganin dabbar da ake ci yana da kwanakin jira a rubuce a jikin kwalba, kafin a yanka ko a sha nono ko a ci ƙwai. Na allurar oxytetracycline mai dogon aiki makonni ne, ba kwana uku ba. Duk mai sayar da ita ya karanta wa mai saye wannan layin da ƙarfi.

'Yar Tafo, mai haɗa magunguna

Yaya Maman Fa'iza, Dakta ya gama da ɓangaren ilimi, ni zan faɗi yadda na yi a nawa kantin, domin na taɓa tsallake rijiya da baya da wani kare da ibuprofen.

Ban tara su na yi musu lacca ba, na gwada hakan a kan wasu abubuwa na ga ba ya zama. Abin da na yi, na canza tambayar farko. A kantina ba a miƙa ko ƙwaya ɗaya sai an tambaya, "Wa zai sha?" Da Hausa, da Turanci, da Tuwi, duk wanda ya zo. Mutane da yawa ba sa faɗa da kansu cewa na dabba ne, musamman namu na zango idan kare ne, suna jin nauyi. Na ce wa yarana kada wanda ya yamutsa fuska. Mutumin da ya shayar da kare ruwa aka gafarta masa, duk mun ji wannan tun muna makarantar allo.

In amsar dabba ce, yaron kanta ya tsaya, ni ko mai riƙe da kanti a madadina za a kira. Sai a tambayi wace dabba, kilo nawa, shekarunta, tana da ciki ko tana shayarwa, akwai takardar likita. Nauyi kuwa ba a ƙiyasta shi da ido. Ina da sikelin da mutane ke hawa: mai dabba ya hau da ita, ya sauka ya hau shi kaɗai, a cire.

Duk ranar Asabar kafin mu buɗe, minti 15, nakan zama mai saye. In zo in ce kyanwata tana da ƙuma, ga maganin da ya rage na karen maƙwabci, in shafa? In zo da takarda mai SID da mummunan rubutu. In zo ina sauri ina faɗa, domin a gaban mai faɗa ne yaro ke rikicewa ya miƙa abin da bai kamata ba. Wanda ya faɗi ba na tsawata masa, mu sake.

A jikin leda muna rubuta irin dabbar da sunan mai ita, da "NA DABBA NE" da jan biro, saboda a gida ɗaya tsohuwa da jikoki da kyanwa duk a kwando ɗaya ake ajiye maganinsu. Akwai kuma littafi daban da nake shigar da kowace takardar likitan dabbobi. Tramadol da phenobarbitone, maganin farfaɗiya, kuwa, sai na kira likitan na ji muryarsa, wannan shi ne amsar damuwar Baba.

Maganar ajiye magungunan dabbobi, ni ban ajiye ba, kuma ba zan ce ki fara yanzu ba. In kin yanke shawara daga baya, ki fara zuwa ofishin Majalisar Kula da Harhaɗa Magunguna na yankin Ashanti da na FDA ki ji sharuɗɗa daga bakinsu. FDA ce ke rajistar magungunan dabbobi kamar yadda take yi wa na mutane, don haka duk kwalbar da ba lambarta kada ta shigo miki. Kuma kabad daban, nesa da na yara.

Ƙari ɗaya da ba a tambaya ba. Wanda kare ko kyanwa ta ciza, kantinmu yake fara zuwa neman auduga da filasta. Yaranki su sani: a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana minti 15, a tura shi asibiti a ranar domin allurar haukan kare. Ciwon nan in alamunsa suka bayyana ba a tashi.

Maman Fa'iza, Aboabo, Kumasi

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Baba, na ji gargaɗinka, magungunan dabbobi ba zan ajiye ba a yanzu. Dakta, takardar da na mayar bara ta levothyroxine ce, na duba littafina jiya da dare. Lambar likitan tana jiki ban kira ba. Na nemo mai karen ta waya na ba shi haƙuri, ya ce a wani wuri ya samu daga baya.

Yau da safe na zauna da yaran. Mun yi lissafin kilo 3 da cokali biyu tare, yarinyar da abin ya faru a hannunta ita ta riƙe biro, tana yi tana hawaye. Na ce mata ni ce ban koya mata ba. Ita ce kuma ta rubuta jerin da babban baƙi, paracetamol a sama, muka manna a cikin kanta inda ido zai riƙa faɗawa. Malam mai zomaye, amoxicillin ɗinka yana layi na huɗu.

Gobe in Allah ya yarda zan je Amakom karɓo lambar waya, daga nan in biya wa Hajiya in faɗa mata ba awonta ne ya yi kuskure ba. Dakta, jikarta ta ce wata kyanwa ta haihu a gidansu kuma suna so su kawo mata ɗa ɗaya. Sati nawa ya kamata ya yi kafin a raba shi da uwarsa, kuma yaushe ake fara yi masa allurar haukan kare?